Na Zuba Wa Babur Ɗin Maƙwabcina Man Mota

Bappa, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni malamin makaranta ne a Samaru, amma a Sabon Gari nake haya. Da motata ta lalace, maƙwabcina Baba Ayodele, wani dattijon tela, ya turo mini babur har ƙofar gida, ya ce in riƙa zuwa aiki da shi. Babur ɗin na ɗansa Tosin ne da ya rasu bara. Shi ba ya hawa, kullum dai da safe sai ya goge shi. Ban da ni, bai taɓa ba kowa makullin ba.

Sai na ce bari ni ma in kyauta masa. Ina da ragowar baƙin mai na motata, mai kyau, na yi wa babur juye da hannuna, ina ta jin daɗi. Bayan kwana uku, ina hawan gadar Kwangila, na murɗa totur, inji sai ihu yake amma babur ba ya ja. Wallahi ba tirelar da ke bayana ce ta tsorata ni ba, fuskar dattijon nan kawai nake gani. Da ƙyar na lallaɓa wurin Bernard bakanike a Palladan. Ya tsiyaye man, ya zuba na babur, washegari ya sake juye, ya ce kulocin bai ƙone ba. Yanzu lafiya lau yake tafiya, har sadaka na yi. Matata ta ce in yi shiru tunda ya gyaru, ni kuma in na gaida Baba Ayodele sai in kasa haɗa ido da shi. Ko akwai ɓarnar da ba mu gani ba? Kuma in faɗa masa?

Mai Aron Babur, Sabon Gari

Malam, kwantar da hankalinka, Allah ya kiyaye.

A babur mai giya, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Yawancin man mota kuwa an ƙara masa santsi, shi ya sa kuloci ke zamewa. Kwana uku ba kasafai yake yin illa ba, kuma Bernard ya yi daidai. In ka hau tudu da kaya bai zame ba, an wuce wurin. Nan gaba ka duba jikin robar man, ka ga an rubuta JASO MA, alamar man da ya dace da kulocin babur.

Matarka tana gudun tayar wa dattijon da mikin ɗansa ne, kuma tana da gaskiya. Amma wanda ya ba ka amanar da bai ba kowa ba, gara ya ji daga bakinka. Ka same shi a shago, ka fara da cewa babur lafiya yake, sannan ka ba shi labari a taƙaice. Kada ka cika ban haƙuri har ya koma shi ke lallashinka.

Allah ya jiƙan rai, ya bar zumunci, ya kuma tashi motarka.

Bappa