Sunan da Bukar ya je da tirela

Daren Asabar, Diffa

Yau na shiga ɗakin ɗana Bukar da niyyar kulle wayarsa a kwaba, don na gaji da wasan nan na waya da suke yi da mutanen wasu garuruwa. A cikin wasan shi direban tirela ne. Wasan ke ba shi kaya da lokacin isa, in ya makara a rage masa matsayi.

Na tarar ya ajiye tirelar a bakin hanya, lokaci yana ƙarewa. Na ce, "Ko aikin ƙarya ma sai ka yi masa lalaci?"

Ya ce, "Mama, suna muka zo. Matar wanda ke yin ɗan sanda a wasanmu ta haihu a garin Maine, haihuwar gaske. Kowa ya bar aikinsa."

Na leƙa wayar. Ga likita da mai taksi da ɓarayi biyu zaune a jere suna barka. Matsayin da ya daɗe yana nema ya tafi ina kallo, bai ko motsa ba. Yaron da nake kora gaisuwar maƙwabta da faɗa.

Wani ya ji muryata ya ce, "Hajiya, ba mu da babba, ki sa wa jaririya albarka." Na sa. Na ƙara da cewa duk wanda bai yi la'asar ba ya tashi. Har ɓarayin suka tashi.

Na bar masa wayar, amma gobe da ƙafarsa zai je barkar gidan maƙwabciyarmu Ya Falmata.