Rasuwar Malama Ummuhani Shu'aibu, Mai Kula da Bayanan Rijiyoyinmu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, ƙungiyar Haɗin Gwiwar Manoma da Makiyaya Masu Kula da Mashaya na Agye, Gazawa da Gidan Rumji na sanar da masu martaba sarakunan gargajiya, da arɗaɗan rugage, da limamai, da wakilanmu na ƙauyuka, da ɗaukacin jama'a, cewa ta sami labarin rasuwar injiniyarta, Malama Ummuhani Shu'aibu, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Lahadin da ta gabata a likitar Maraɗi, sakamakon haɗarin moto, wato babur, da ya rutsa da ita a kan hanyarta ta dawowa daga yankin Gidan Sori. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da marigayiyar ta kama aiki a buronmu na Gazawa, mun riga mun zuba sunayen rijiyoyi da famfunan yankinmu cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai dai babu mai iya faɗin ko labarin da ke gaban kowace rijiya na jiya ne ko na bara. A wannan hali ne muka tura Arɗo Jaye da garkensa zuwa wata mashaya da na'urar ta ce akwai ruwa, alhali ta daɗe da ƙafewa, ya kuma dawo ya bar maruƙansa a kwance bakin hanya. Malama Ummuhani ta zauna ta saurari dattijon har ya gama, ta ce masa labarin ba ƙarya ba ne, tsufa ya yi ba wanda ya sani. Daga nan ta gyara rumbun bayanan ta yadda duk sa'ad da wakilin ƙauye ya aiko da saƙo ta salula, na'urar da kanta za ta buga ranar da sunan wanda ya taɓa bayanin, ba tare da an jira wani ma'aikaci ya tuna ba. Rijiyar da aka daɗe ba a ji ɗuriyarta ba kuwa sai sunanta ya rikiɗe ya yi ja.

Jan suna bai taɓa barinta ta zauna ba. A makon jiya sunan wata rijiya da ke kan burtalin yamma da Gidan Sori ya yi ja, wayar wakilinmu Malam Baƙo kuma ba ta shiga, ga garkuna sun riga sun doshi wurin. Abokan aiki sun roƙe ta ta jira ranar kasuwa a aika, ta ce saniya ba ta san ranar kasuwa ba. Ta hau kabu-kabu ta je, ta tarar da Malam Baƙo kwance da zazzaɓi, rijiyar kuma gefenta ya rufta. A bakin rijiyar ta tsaya ta sabunta bayanin, aka sanar da makiyaya suka karkata kudu tun dabbobinsu na da sauran ƙarfi. A kan hanyar komowa ne rairayi ya kwashe ƙafar moton. Direban na nan yana jinya, muna roƙa masa sauƙi.

Ba za mu ɓoye wa jama'a halin da muke ciki ba. Muna tsakiyar bazara, tafkuna sun bushe, kuma tun ranar da ta faɗi saƙonnin wakilai suka daina shiga rumbun saboda wata tangarɗa da ita kaɗai ta san kanta. Kullum safiya sai mu buɗe na'urar mu ga jan ya ƙaru, har ya kusa cinye sunayen duka. Makiyaya na kiranmu suna tambayar inda za su nufa, mu kuwa ba mu da amsar da za mu iya rantsewa a kanta. Don haka muna roƙon kowane arɗo, don girman Allah, kada ya kora garke zuwa wata mashaya sai ya tura mutum ya gani da idonsa. Muna kuma roƙon duk wani ɗan yankin nan da ya karanci wannan fanni, malamin lakol ne ko ɗalibi, yana Maraɗi ko Yamai ko Katsina, ya taimaka ya zo buronmu ko da na yini guda ne.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai gidan marigayiyar, Malam Tanimu Ɗanbaba, da mahaifiyarta, Hajiya Auta, da 'ya'yanta, Hassana da Muhsin. Ba za mu manta ba cewa ranar sadakar uku, mutane na cike da ƙofar gida, Malam Tanimu ya tashi daga kan tabarmar makoki ya ɗauko na'urarta ya damƙa wa shugabanmu, ya ce a tafi da ita yanzu, domin dabbobi ba za su jira arba'in ba.

Allah Ya gafarta mata, Ya shayar da ita daga tafkin Alkausara, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi, Ya raya abin da ta bari. Mu kuma Ya dube mu da idon rahama, Ya kawo mana damina da wuri.

Rabilu Harouna
Kakakin Haɗin Gwiwar Manoma da Makiyaya Masu Kula da Mashaya
Gazawa, Jihar Maraɗi