Layin da ɗan ƙanena ya tsallake

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da ruwa da gwargwado, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na roƙi admin ya sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijo ne mai karantarwa a wani gari tsakanin Kura da Bunkure, ni kuma manoman rani suka ɗora wa rabon ruwan kanal ɗinmu. Bana ɗan ƙanena, marayan da na raina har ya karanci kwamfuta, ya ce zai rubuta manhajar da za ta kashe rigimar rabo. Ya ce sunayen gonaki za su bi ta cikinta kamar ruwa ta ƙofofi, ta farko ta tace waɗanda suka yi shuka, ta biyu ta mayar da faɗin gona zuwa tsawon lokacin ban ruwa, ta uku ta jera su, sannan saƙo ya iske kowa a waya. Da ya gama rubuta ta na gamsu, na miƙe bayan Juma'a na rantse wa jama'a cewa wannan abu bai san ɗan uwa ba, bai san bare ba.

Sai ga tumatirin aminina, wanda muka yi karatun allo tare, ya bushe a tsaye, haka na wasu tsofaffi. Ranarsu ba ta taɓa zuwa ba, sun kuwa yi ta jira, domin Malam ya rantse.

Na kira yaron zuwa zauren gidana, na ce ya karanta mini abin layi-layi yana fassarawa, yadda muke karatun littafi. Ba na jin Turanci, amma na tsufa ina sauraron ɗalibai, na san muryar mai tsallake layi. Na ce masa koma baya. Ashe akwai wata ƙofa tun farko, mai zubar da duk wanda ba shi da lambar waya. Wanda aka zubar ba a ce masa a'a, ɓacewa kawai yake yi. Ya amsa cewa ya sani tuntuni, ya yi shiru ne don wani kamfani na duba manhajar zai ɗauke shi aiki. Har ya ce mini, wai Baffa su nawa ne duka.

Kuskure ba ya ƙona ni. Shirun ne, yana zaune a sahun gaba lokacin da na yi rantsuwar.

Ya gyara yanzu, amma tumatir ba zai tashi ba. Aminina bai zarge ni da baki ba, ya dai daina zuwa karatu. Idan na ambaci sunan yaron a masallaci, aikin ya tafi, shi kuwa amanar ƙanena ne. Idan na rufe, tsofaffin nan za su tafi kabari da zaton ni na hana su ruwa. Juma'a na ƙaratowa, me zan faɗa idan na miƙe?

Allah Ya shayar da gonakinku, Ya albarkaci gidajenku, Ya tsare ku daga rantsuwa a kan abin da ba ku karanta ba.