An Sayar da Tsohon Ɗan Wasa

Angona Walid,

Ina gaisuwa. Yaya Garuwa, yaya babanka? Ni lafiya lau a Duwala, sai dai zaman bene kamar kayan ajiya.

Jiya yaran gwaggonka suka kunna mini ƙwallon kwandon nan da kake so. Wai kulob ɗinku ya sayar da tsohon ɗan wasansa don ya ci kofi. Suna ta tafi, ni ko tuwo na kasa ci. Mutumin da ya ƙarar musu da gwiwoyinsa!

Haka babanka ya ce in zo in huta, ya ba wata yarinya murhun bandar kifina a Lagdo. Tambaye shi, ya ci kofin? In bai ci ba, ya zo ya ɗauke ni kafin azumi. Ba na son a binne ni a nan.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, Kolo