Ɗakin da Na Samo wa Shaylene

Litinin, 8 ga Janairu

Sanyin birnin Winnipeg yau ya wuce digiri talatin ƙasa da sifiri. Da na buɗe gidan matasa da safe, yara bakwai na tsaye a ƙofa, har da baƙuwar fuska. Shaylene Beardy, shekara goma sha takwas da wata biyu. Ranar da ta cika sha takwas hukumar riƙon yara ta sallame ta, kayanta cikin ledar shara guda biyu. Tun daga nan a rumfar jiran bas take kwana, ko falon wata ƙawa in an dace.

Na miƙa mata kaskon turaren ciyawa kamar yadda nake wa kowa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Gwaggo Verna, shayi dai tukuna." Gaskiyarta. Banok, burodinmu na gargajiya, huɗu ta ci da zafinsu.

Alhamis, 11 ga Janairu

Cike takardu. Gidajen riƙo goma sha ɗaya cikin shekara tara. Tana lissafawa yatsunta suka ƙare, ta kama ɗaya nawa ta cika. Kafin nan wurin kakarta take, can arewa, garin da sai jirgi ke zuwa. Kakar ta rasu Shaylene na gida na huɗu. Sai bayan wata uku aka gaya mata.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Na samo mata ɗaki! Sati uku ina roƙon mai gidan. Gado, hita mai ɗumama ɗaki, taga mai kallon kogi. Sharaɗi ɗaya, babu baƙon kwana. Ta sa hannu ba tare da ta karanta ba. Na koma gida ina jin kaina.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Mai gidan ya kira. Mutum biyar ya tarar a ɗakin, wasu a ƙasa kan riguna. Na je na yi faɗa, na ce ta san wahalar da na sha kuwa?

Ta ce, "Da ke ce, kina da bargo da hita, mutum na tsaye a waje yana karkarwa, rufe ƙofa za ki yi? Kakata ba ta ma da makulli."

Na ce mata nan ba garinsu ba ne.

Kalmar na fita na gane ta. Ita matar da ta riƙe ni ina yarinya ta sha faɗa mini. Ban janye ba. Ban san dalili ba.

Talata, 20 ga Fabrairu

Ta bar makullin a kan teburina ta tafi. Kwana uku kenan. Na zaga rumfunan bas na babban titi, ɗakin karatu, ƙarƙashin gada. Yaran sun ce ba su gan ta ba, kuma ko sun gani ba za su faɗa mini ba yanzu.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Shiru.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Tana asibiti. Sanyi ya cinye mata yatsun ƙafar hagu biyu, likitoci sun ceci ɗaya, ɗayan sun cire. Sunana ta bayar da aka tambaye ta wa za a kira. Na zauna gefen gadon awa biyu, ta juya wa bango fuska. Da zan tafi na ce na yi kuskure. Ta ce in zo mata da safa mai kauri.

Litinin, 4 ga Maris

Na kai wa Kokum Adeline (Kokum kaka ke nan da harshenmu) taba kamar yadda ake yi in za a nemi shawarar dattijuwa. Ita ce mai yi mana girki, ta haura saba'in. Ta karɓa, ta ci gaba da murza gari, ta bar ni ina ta bayani. Can ta ce ɗaki na ba yarinyar, ita kuma mutane take nema. Wai idan an sallamo ta a kawo mata ita gida, akwai gadon jikarta da ta tafi karatu, kuma ƙofarta ba ta da sharaɗi.

Shekara goma sha biyu ina aikin nan. Wannan bai zo mini a rai ba.

Litinin, 11 ga Maris

Abin da nake gudu ya faru. Shaylene ta shigo kicin tana dogara sanda, ita da Kokum suna ta hira da Cree, harshen ƙabilarmu. Ashe tana jin harshen tsaf, shekara tara ba ta sami abokin yi ba. Sai ta waiwayo ta yi mini magana. Na gyaɗa kai da murmushi, yadda na saba. Su biyu suka tuntsire da dariya.

"Gwaggo, cewa na yi rigarki ta kama wuta, kika ce to."

Na faɗa mata gaskiya, ba na jin harshen. Ina shekara uku hukuma ta ɗauke ni daga garinmu, manoma turawa suka rene ni a kudu. Turaren, waƙoƙin, addu'ar buɗe taro, duk da girmana na koye su, wasu ma a wajen bita. A jikin ƙofar ofishina an rubuta mai kula da al'ada. Na zaci za ta yi mini ba'a. Sai ta ce, "Ashe ke ma ledar shara aka ba ki." Na ce a'a, akwati ne, ja. Ta ce to ni 'yar gata ce.

Laraba, 27 ga Maris

Mun gano ƙanwar mahaifiyarta, Loretta, tana nan a garinsu. Ni na buga wayar na miƙa mata, na fita. Ta cikin ƙofa na ji muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. Minti arba'in.

Ƙafar na warkewa. Uku daga cikin waɗanda suka kwana a ɗakinta yanzu suna zuwa cin abinci kullum. Ita ta jawo su.

Asabar, 20 ga Afrilu

Loretta ta aiko da dinya shida ta jirgi, farautar farko ta bana. Muka shimfiɗa jarida a bayan gida. Shaylene ta zama malama, ta jera mu tana nuna yadda ake figa, yadda ake babbaka. Tawa na yaga mata fata wuri uku. Wai ko kare ya fi ni iyawa. Niska, sunan tsuntsun kenan. Ta sa na maimaita har sai da ya fito daidai.

Muna wanke hannu ta tambaye ni sunan garinmu. Na faɗa. Ta tambaya ko na taɓa zuwa. Na ce aiki ya yi yawa.

"Shekara hamsin kina aiki?"

Juma'a, 3 ga Mayu

Na kai ta filin jirgi. Sati biyu za ta yi, za ta ga kabarin kakarta, ta bi su Loretta sansanin farauta. Ta ce za ta dawo. Kokum ta ce kar in sa rai, kuma in ba ta dawo ba ai shi ne aikin ya yi. Na sani. Duk da haka na daɗe a mota kafin na tayar.

Talata, 7 ga Mayu

Ƙanƙarar kogi ta tafi gaba ɗaya. Sabbin yara biyu yau, na fara da shayi.

Da azahar na buga ofishin garinmu. Tambaya kawai, ko hanya ta bushe, don wataƙila wani yaro zai buƙaci zuwa wata rana. Matar da ta ɗauka ta ce wa ke magana. Na ba ta sunan da ke kan takardar haihuwata, wanda ban taɓa furtawa ba. Sai ta kira sunan mahaifiyata, ta ce, "'Yar Mabel? Tsaya, kar ki kashe."

Ban kashe ba.