Hanyar da Na Zaɓa wa Goshi

Gindin duwatsun Riruwai,
9 ga Janairu, 2003.

Zuwa ga Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Rahmatu da Iya da duk mutanen Babban Mutum. Ni da shanu muna nan ƙalau.

Kwananmu ashirin da uku a hanya. Burtalin nan ya zama fili fetal, garken da suka riga mu sun cinye komai. Saniyarki Goshi, wadda Baffa ya ba ki ranar aurenmu, cikinta ya tsufa, ga rama, kullum ita ce a ƙarshen garke. Jiya sau biyu tana durƙushewa.

Shi ya sa muka saɓa da Sada, abokin tafiyata. Burtali yana zagaye duwatsun nan, kwana shida. Wani maharbi ya nuna min cewa in an ratsa ta tsakiya, kwana biyu ne, ga ciyawa ga ruwa, sai dai babu hanya, ƙorama ake bi. Sada ya ce tunda magabata suka zagaye, akwai dalili. Na tambaye shi dalilin, ya rasa. Kin san halina. Na ce ya zagaya da nasa, mu haɗu a gaba.

Gobe da safe zan shiga. Zan ba direban Daura wannan takarda a kasuwa. Ki gaida Baffa.

Mijinki,
Mainasara.

14 ga Janairu.

Haulatu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Iya?

Na fito lafiya, amma kwana huɗu na yi, ba biyu ba. Mutumin da ya tashi a ƙasarmu, inda kake hango bishiyar kuka tun daga nesa ka san garinku, bai san dawa ba. A can ko rana ba ka gani sosai, alƙibla ma sai na yi ta lalube. Kwana huɗu ban ji muryar ɗan Adam ba. Har na kama kaina ina ba Goshi labarin Rahmatu. Wallahi na yi kewarki, irin wadda ban taɓa yi ba.

Amma ki zo ki ga kurmi! Inuwa mai sanyi a bakin ruwa, ciyawa har gwiwa. Kullum da rana nan nake kwantar da shanun, kamar yadda muke yi a gida in mun samu gindin gawo. Wasu ƙudaje masu cizo sun dame mu, na yi ta kore su da reshe. Goshi ta ƙoshi, har tana gaba. Ina nan ina jiran Sada in yi masa dariya.

Naki,
Mainasara.

6 ga Fabrairu.

Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, kunya ce ta hana ni.

Ƙudajen nan tsando ne. Fulanin nan sun ce da rani a inuwar kurmi suke taruwa, kuma saboda su burtali ya zagaye. Yaro ma a nan ya san ba a kwantar da shanu a wurin. Ni ban taɓa ganin tsando a Daura ba. Da hannuna na kai su, kwana huɗu, ina murna.

Sammore, ciwon da tsando ke sa wa shanu, ya kama bakwai. An yi musu allura, shida sun tashi. Goshi ta zubar da cikin, idonta yana ta hawaye, ta daina cin komai. Ranar Talata Sada ya tafi kasuwa, na ga ba za ta kai yamma ba. Babu mai riƙe min ita, kuma ba ta buƙaci a riƙe ta ba. Na yi bisimilla na yanka.

Sada bai ce min komai ba da ya dawo. Da ma ya zage ni.

Kada ki faɗa wa Baffa, ni zan durƙusa gabansa in faɗa da bakina in damina ta kawo mu. Ke kuma na san halinki, za ki aiko cewa ba komai, haka Allah ya so. Na san haka Allah ya so. Amma don Allah, Haulatu, kada ki ce min ba komai. Ki yi fushi da ni ko na kwana biyu ne, zai fi min sauƙi.

Mijinki,
Mainasara.