Abin da Na Faɗa da Sunanka Ranar Gidauniya

Tudun Faru, ta Dutsi,
20 ga Oktoba, 2002.

Zuwa ga Yayana Jibril, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Siddiƙa da yara. Allah ya tsare ka a kasuwar shanun nan, ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta sha hantsi. An yanke gero, dawa ma ta kusa. Na ba Jafaru, direban motar shanu da ke lodi a Mashi, wannan takarda, na roƙe shi ya damƙa maka hannu da hannu. Ka zauna ka karanta ta kai kaɗai, Yaya, domin akwai laifin da na yi maka a ciki.

Ka san tudun nan na bakin hanya a gonar marigayi Baba, inda ya ba ni izini na kafa rumfa ina koya wa yara karatu. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kai kana nesa, ba a raba gado ba, rumfar kuwa ta zama aji uku na ƙasa. Yara sun haura ɗari. Da safe boko, bayan azahar Islamiyya. 'Ya'yan rugage sai sun gama tatsa suke isowa, da raɓa a ƙafafunsu, su zauna a kan buhunan taki da muka ɗinke muka mayar tabarmi. Ƙarfe goma a buga ƙarfen tayar mota a sha kunu, kuma ba zan ɓoye maka ba, wasu kunun ne ke fara kawo su, karatun ya biyo baya. Masarar kunun da alli da ɗan abin da ake ba mu, mu malamai uku, duk daga wata ƙungiya ce ta 'yan ƙasar Daura mazauna Kano. Wakiliyarsu, Hajiya Adama, tana zuwa duk ƙarshen wata.

A watan Agusta, cikin marka, bangon aji biyu ya faɗi. Ranar Alhamis ce, yara na kan layin kunu a waje. Na ji kamar an sauke lodin duwatsu, da na juya sai ƙura. Bangon ya kwanta daidai inda suke zama, ya binne takalmansu da littattafansu. Na kira sunayensu sau uku kafin na yarda babu kowa a ƙasa. Tun ranar 'yan aji biyu a rumfar zana suke, idan hadari ya haɗo sai in sallami kowa, don ban ƙara yarda da sauran bangayen ba.

Da Hajiya Adama ta ga wurin, ta ce ƙungiya za ta gina mana aji uku na bulo da rufin kwano, amma da sharaɗi biyu. Gari ya kawo yashi da ruwa da leburanci da abin da ya sawwaƙa na siminti. Sannan a rubuta filin a matsayin waƙafi a gaban alƙali, domin sun taɓa yin gini a wani gari, daga baya magada suka tashi suka karɓe. Ta ce idan azumi ya kama ba a daidaita ba, za su kai ginin wani ƙauye da ke jira. Na yi wa ƙanenmu Saminu maganar har sau biyu, ya ce zai yi tunani. Kai kuma na yi ta cewa zan rubuto maka gobe, aiki ya sha kaina, ga kuma wani gangancin da na yi na ɗauka na san zuciyarka.

Muka sa ranar gidauniya, Asabar ta makon jiya bayan la'asar. Ba kiɗa ba maroƙa, ka san yadda taro ya koma yanzu. Maza a fili, mata bayan zana, 'yan agaji na tsare tsakani. Liman ya fara da bayanin cewa zakka ba ta shiga gini, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Yaya, da ka ga abin da mutanen nan suka yi, da ka yi hawaye. Mata na zuwa da gero a ƙwarya, wata da gyaɗa, wata da kaza a hammata. Wata tsohuwa da ba ta da jika ko ɗaya a makarantar ta kawo tasar aurenta. 'Yan acaɓa suka ce ɗebo ruwa nasu ne har a gama. Can sai ga Arɗo Hamma, shugaban rugar yamma, yana jaye da bijimi ɗan shekara biyu.

Ana cikin kabbara Saminu ya miƙe da takarda a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya kai ƙara kotun Shari'a a raba gadon mahaifinsa, kuma tudun nan yana cikin gadon, don haka kada kowa ya zuba dukiyarsa a ƙasar da ba a san mai ita ba. Ina tsaye a cikin mata, na ga wata ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, wata ta bi ta. Arɗo Hamma ya naɗe igiyar bijimin a hannunsa, ya ce shi tambaya ɗaya gare shi, a faɗa masa a ƙasar wa zai ɗaure dabbar nan.

Ban san lokacin da na karɓi lasifika ta saman zana ba. Na ce Inna ta ba da tumuninta, ni ma na ba da kasona, kuma za mu roƙi alƙali ya yanke mana ta gefen tudu. Wannan gaskiya ne, mun yi maganar da ita. Amma kowa a wurin ya san kason mata biyu ba zai ɗauki aji uku da filin wasa ba. Na ga fuskokinsu, na ga ƙoren da ke hannu. Sai na ce kai ma ka ba da naka. Haka na faɗa, Yaya, da sunanka da na Baba, a gaban liman da mai gari. Aka yi kabbara, aka mayar da ƙore ƙasa, Arɗo ya miƙa igiya. Saminu ya dubi zanan da nake bayansa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya naɗe takardarsa ya tafi.

Ranar Laraba muka je kotu. Alƙali ya saurari Saminu, ya juyo gare ni, ya tambaya ko ina da takarda daga gare ka a kan kyautar da na ce ka yi, ko shaidu biyu da suka ji daga bakinka. Ga Alƙur'ani a kan teburinsa. Na buɗe baki in ce takardar na hanya, harshena ya ƙi. Na ce ban ji daga gare ka ba, zato na yi na mayar da shi magana. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce haƙƙin wanda ba ya nan ba a kyauta da shi, ya ɗaga zama zuwa Litinin, huɗu ga Nuwamba, ko ka zo da kanka ko ka aiko wakili da shaida.

Kafin mu sauka daga mota labari ya riga mu isa gari. Washegari yara goma sha biyar ba su zo ba. Hatsin yana kulle a zauren liman, ba a taɓa ko tiya ba. Arɗo Hamma bai karɓi bijiminsa ba, ya ce a bar shi a turken liman har a ji bakinka, amma da na gaishe shi a hanya da ka ya amsa. Hajiya Adama ta ce ta ji zafin abin, sai dai ranar da suka sa ba a hannunta take ba. Ina shiga aji in koyar da hadisin gaskiya, manyan yara na kallon ƙasa.

Kada ka ɗauki Saminu mugu. Ciyawar wuta-wuta ta cinye masa rabin gero bana, ga 'ya'ya shida, ga wani ɗan kasuwa da ke son tudun ya gina shagon hatsi. Shi ke noma gonar nan shi kaɗai tun rasuwar Baba, mu muna cin tuwonta. Ya gaya wa Inna cewa da na zauna da shi na tambaye shi halin da yake ciki, maimakon in riƙa kai masa sharaɗin mutanen Kano, da ba a kai nan ba. Na yi ta juya maganar, ban sami inda ya yi ƙarya ba. 'Yarsa Nana har yau tana zuwa aji uku, bai hana ta ba, sai dai ni da shi ba ma haɗa ido. Jiya Inna ta ce in rubuta maka da hannuna in faɗi duka, kafin ka ji a bakin direbobi.

To ga shi na faɗa. Kasonka naka ne, kana da iyali, ban san abin da ka shirya a kansa ba, domin ban tambaya ba. Ina roƙonka ka zo, ko don Saminu, kai kaɗai yake jin maganarka, wataƙila idan an bar masa gefen fadama na gonar gaba ɗaya hankalinsa ya kwanta. Idan ka ba da tudun, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Idan kuma a'a ce, kada ka ji nauyina, kuma kada ka sassauta ta. Zan sa a tara mutanen nan a filin, in faɗa masu da bakina, in tsaya a ƙofar zauren liman har kowace mace ta karɓi geronta.

Ka gaishe min da Siddiƙa, da Mati da Yasmin, da 'yar jaririyar da ban gani ba tukuna. Inna tana gaishe ka, ta ce ka taho da man zafin nan na ƙafa. Baffa Sama'ila da iyalinsa suna gaisuwa. Saminu bai san ina rubutu ba, amma na san da ya sani da ya ce a gaishe ka.

Ka yafe min, Yaya, ko da wace amsa za ka zo.

Ƙanwarka,
Hadijatu.